Jegon Karatu a Gidanmu

Ƙanena ya bar ƙauyenmu Guci tun yana saurayi. Motar albasa ya bi ya tafi Abijan, can ya yi aure, can ya haifi 'ya'yansa, can kuma aka binne shi. Mu dai ta salula, wayar hannu, labarin rasuwarsa ya iske mu, kuma har yau babu wanda ya ga kabarinsa a cikinmu. Ya bar mata da yara huɗu. Babbarsu mace ce, tana lise, babbar sakandare, a ajin ƙarshe, wato tarminal, ajin da ake zana bak, jarrabawar da in ba ka ci ta ba jami'a ba ta karɓarka.

A shekarar rasuwarsa ta zana bak ɗin a can, ta faɗi. Yo ta yaya ma za ta ci? Uwarta kifi take soyawa a bakin titi, tana sayarwa da acake, garin rogon nan nasu da ake turarawa. Yarinya in ta taso daga lakwal sai ta tuɓe kayan makaranta ta ɗaura zane, ta hau kankare kifi har a tashi kasuwa. Ni kuwa na ƙare rayuwata ina koyarwa a firamare nan Magarya, na san abin da ake nufi da yaro mai kai wanda bai samu zama ba. Na kira uwar na ce ta turo min ita ta sake ajin a wajena, ta zana bak ɗin ƙasarta.

Ina jin mai yana ƙara a kasko. Can ta ce, “Yaya, shekara ɗaya na ba ki. In ta ci, Allah ya sa albarka, ta zama taku, ta shiga jami'a a can. In ta sake faɗuwa ki sa min ita a mota. Ba ni da wani hannu ban da nata.”

Na ce na ji. Yarinyar ma ta ji, don tana tsaye kusa da ita.

Ta iso da ƙarshen damina, doguwa, siririya, goshin ubanta sak. Da na gan ta a tasha sai da na juya baya na share ido kafin in rungume ta. Hausarta irin ta zango ce, da Faransanci a ciki da wasu kalmomi da ban taɓa ji ba, kuma a tsaye take gaishe da manya. Uwar mijina, wadda muke zaune gida ɗaya, kowa a unguwa Iya yake ce mata, ita ta fara sa mata suna 'yar Abijan, sunan kuma ya bi ta.

Ba ita kaɗai ba ce irinta. A 'yan shekarun nan lise ɗinmu ba ya rabuwa da 'ya'yan mutanenmu da aka haifa a waje, wani daga Libiya, wata daga Kwatano, wani daga Lome, iyaye sun turo su gida su gama karatu a hannun dangi. Garin kuwa, in za a faɗi gaskiya, bai yi musu rowa ba. Akwai malamin lissafi, mushe kamar yadda muke ce wa malamai, wanda shi ma ubansa a ci-rani ya ƙare, yana tara su ranar Asabar a gindin bishiyar bedi yana maimaita musu abin da ya shige musu duhu, ko sisi bai taɓa karɓa ba. Mai shagon fotokopi na kusa da tasha yana ciro musu tsofaffin tambayoyin bak. Matan unguwarmu kuma, da suka ji 'yar marigayi ta zo, sai kwanuka suka fara shigowa gidana, wannan da tuwo, wannan da dambu, wannan da fura. Ni har alfahari nake yi, ina cewa a kira uwarta a gaya mata mu ma muna da mutane.

Abin da ban lura da shi ba shi ne gaisuwa.

Duk wanda ya san ƙanena yana ganin akwai ta'aziyyar da bai yi ba, tunda ba wanda ya iya zuwa Abijan. To ga 'yarsa ta zo har gida. Abokan wasansa na yarinta suka riƙa zuwa, da matan da suka goye shi, da 'yan kasuwar da suka taɓa sauka a ɗakinsa can, da mutanen Guci duk ranar da suka shigo gari. Kowa ya yi sallama sai a ce ina 'yar Abijan, ta fito. Ta ajiye kaye, littafin rubutunta, ta yafa mayafi, ta durƙusa kamar yadda muka koya mata, ta amsa ina kwana da ina gajiya da ya haƙuri da ya su Inna da ya baƙunta. Ta kawo ruwa. Ta zauna a gefen tabarma a ba ta labarin ubanta yana yaro, yadda ya faɗo daga kan jaki, yadda ya iya kokawa. In baƙo ya tashi ta raka shi har bakin titi. Kafin ta dawo ta gano layin da ta tsaya, wani ya yi sallama.

Kwanukan ma ba a banza suke zuwa ba. Kwanon da aka aiko domin ki, ke za ki wanke shi ki mayar da hannunki, ki yi godiya, kuma ba a shiga gidan mutane a fito a tsaye. Ga suna, ga biki, ga zaman makoki, ko'ina sai a ce ku zo mana da 'yar marigayi mu gan ta. Ni da kaina nake tura ta, kuma har gobe ban ga laifina ba. Yarinyar da dangi ba su san fuskarta ba, ranar da ta shiga matsala wa zai tsaya mata? Ba na so a ce an haife ta a birni ta zo tana yi wa mutane kallon ƙauyawa. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa a'a ba. Sai “to, Gwaggo,” ta ɗauki mayafi.

Da bazara ta kama aka yi musu bak na gwaji, wanda ake yi don a ga inda kowa ya tsaya. Sakamakon da ta kawo, wallahi sai da na zauna. Filo, wato falsafa, da Faransanci ba laifi, amma lissafi da fizik, waɗanda su ne ƙashin bayan ajinta, ƙasa warwas. Mushen lissafi ya zo har gida da la'asar, ya zauna a kan kujerar roba yana juya hularsa a hannu.

Ya ce, “Madam, yarinyar nan kai gare ta. Abin da na nuna mata sau ɗaya ta kama. Amma lissafi ba a kama shi a ajiye, sai an zauna da shi. Duk aikin da na ba ta ta yi a gida, rabi take kawowa.”

Ina shirin in juya in balbale ta da faɗa sai aka yi sallama a zaure. Wata tsohuwa ce daga Waca, ta ce ita ta yi wa uwar marigayi kitso ranar sunansa. Kafin kowa ya yi magana yarinya ta miƙe, ta yafa mayafi, ta nufi randa. Mushe ya bi ta da ido, sannan ya dube ni.

Washegari da hantsi na same ta a ɗaki tana ninke kayanta tana sawa a jaka. Na ce ke lafiya? Ta ce, “Gwaggo, gara in tafi tun yanzu in taya Inna, da in ci abincin mutane shekara guda in ba su kunya.”

Raina ya ɓaci. Na fizge jakar na jefa bayan gado. Na ce ke wace irin yarinya ce, ba ki da baki? In aiki ya yi miki yawa ba sai ki ce Gwaggo ina karatu ba? Sai kin bari ruwa ya kai miki wuya?

Ta ɗago ta dube ni, idonta jawur. Ta ce, “A can 'yan Nijar ake ce mana, a ce mu koma ƙasarmu. Na zo nan ana ce min 'yar Abijan. In na ƙi fitowa gaisuwa, me kuma za a ce min?”

Tausayinta ya kama ni. Na fito tsakar gida na tsaya kamar wadda ta manta abin da ta fito ɗauka.

Iya na zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa, ta ji komai, don kunnenta ba ya tsufa sai in an ce ta sha magani. Ita ce a da take yi wa matan unguwarmu wankan jego. Kusan duk wani magidanci da ke tafe da gemu a layinmu, ita ta dafa wa uwarsa ruwa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “A sa ta jego.”

Na ce, “Haba Iya! Budurwa? Me mutane za su ce?”

Ta ce, “Mutane ba mahaukata ba ne, sun san ba haihuwa ta yi ba. Ni zan gaya musu da bakina. Ke kin taɓa ganin wanda ya yi fushi don mai jego ba ta fito ta raka shi ba? Kin taɓa ganin an aike ta mayar da kwano? To shi ke nan. Abin da ke gabanta ya isa a zaunar da ita.”

Na yi dariya, na ɗauka zancen tsofaffi ne. Ashe da gaske take. Bayan la'asar ta ɗauki sandarta ta bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce musu 'yar marigayi ta shiga jegon karatu daga yau har ta zana jarrabawa. Mai son ganinta ya zo ya ga Iya. Mai son taimako ga abin da ake yi wa mai jego, kowa ya sani, ba sai an koya masa ba. In ta fito kuma za ta yi yawon arba'in kamar kowace mai jego, gida-gida, ba wanda za a tsallake.

Iya ta kwashe kayanta daga ɗakinta na can ƙurya, wanda ya fi ko'ina sanyi a gidan, aka sa wa yarinya tebur da kujera a ciki. Ita kuma ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ta zauna da gyaɗarta. Yarinya in ta dawo daga lise ta shige, shi ke nan. Ba girki, ba ɗibar ruwa, ba wanki, ba fita. Wanda ya yi sallama Iya ta amsa, ta karɓi gaisuwar da ta'aziyyar duka, ta saurari labarin jakin nan da kokawar har ƙarshe, ta ce za ta isar.

Abin da ya ba ni mamaki, matan nan ko a jikinsu. Murna ma suka yi. Na daɗe ina tunanin wannan abu, kuma ga yadda na fahimce shi. Tun farko so suke su taimaka, amma yawancinsu ba su taɓa riƙe bik, abin rubutu, ba, ba su san ta ina ake taimakon mai bak ba. Abin da suka iya shi ne su zo su gaishe ta, shi suka yi ta yi har ya kusa kashe ta. Da Iya ta ce jego ne, sai kowa ya gane wurin tsayawarsa. Wata ta ɗauki wankinta. Wata ta ce ita ke da abincin rana na Talata da Juma'a, kuma 'yarta za ta zo ta karɓi kwanon. Maƙwabciyarmu ta baya, mai yara kamar 'yan tsaki, ta riƙa kwashe su tana kai su gidan uwarta da rana. Mai injin niƙa da ke jikin katangarmu, mutumin da na yi shekaru ina faɗa da shi a kan ƙara bai taɓa saurarona ba, Iya ta je ta yi masa magana sau ɗaya, ya koma yana kashe injin tsakanin azahar da la'asar. Ban yafe masa wannan ba har yanzu.

Rigima ɗaya aka yi, a kan ruwan zafi. Iya ta ce jego ba ya cika sai da wanka, ta sa aka ɗora tukunya, ta aika a karyo ganyen bedi, a cikin zafin bazarar nan da ko ƙadangare ba ya fitowa. Yarinya ta leƙo ta ga tururi na tashi, ta koma da gudu ta sa sakata tana cewa Gwaggo ki cece ni. Da ƙyar na shawo kan Iya ta haƙura da wankan, amma ta ce kunun kanwa kam ba fashi. Haka 'yar Abijan ta riƙa shan kunun kanwa kowace safiya tana yamutsa fuska, Iya na tsaye a kanta tana cewa shanye, 'yar birni, ubanki ma da shi aka yi ƙashinsa.

Ni ma ban tsira ba. Wata rana na nufi ɗakin in duba inda ta kai, ni da na yi aikin koyarwa har na yi ritaya. Iya ta miƙa sandarta ta tare ƙofar. Ta ce, “Ina zuwa?” Na ce zan duba karatunta ne. Ta ce, “Ke ma baƙuwa ce. Surutunki ya fi na kowa.” A gidan mijina! Mushe kaɗai take bari ya shiga, shi ma a bakin ƙofa ake sa masa kujera. Daga baya wasu 'yan mata biyu daga cikin 'yan gindin bedi, ɗaya haihuwar Libiya, suka roƙa a bar su su riƙa zuwa da rana, Iya ta ce ɗakin jego ba ya ƙin mai jego. Na riƙa jiyo su ta taga suna gardama a kan lissafi, wani lokaci har da dariya. Tun zuwanta ban taɓa jin dariyar yarinyar nan da ƙarfi haka ba.

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, jarrabawa ta matso. Kwana biyu da ruwan sai ga babban wanmu daga Guci a bayan babur ɗin kabu-kabu, ƙafafunsa duk laka. Shi ne ya rage mana a matsayin uba, shi ke riƙe da gonakin gidanmu, kuma mutum ne da ba ya maimaita magana. Bayan an gaisa ya sha ruwa, ya ce ya zo tafiya da 'yarsa. Za a shuka gonar ubanta, yana so ta zuba iri ko rami ɗaya ne da hannunta, mutanen gari su gan ta. Tun da ta zo sau ɗaya ta taka Guci, har an fara magana.

Na san Guci. Wanda ya shiga da sunan rami ɗaya sai ya gaishe da kowane gida, a yanka masa kaza a nan, a dama masa fura a can, in ruwa ya sake sauka hanya ta yanke. Amma ni ƙanwa ce, ban taɓa musa masa ba tun muna yara.

Iya ce ta ce, “Malam, mai jego ba ta zuwa gona.”

Surukarsa ce ta wajena, kuma a shekaru ta haife shi, don haka bai ɗaga murya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Iya, na ji labarin wannan jego naku, wasan mata ne, ban hana ba. Amma ki duba min. Ƙanena ya tafi bai dawo ba. Ko gawarsa ba mu gani ba. Abin da ya dawo mana daga gare shi ke nan, yarinyar nan. Ku kuma kun kulle ta a ɗaki kuna shirya ta ta sake tafiya.”

Gaskiya ya faɗa, ta inda yake tsaye, kuma ta soke ni, don ni ma ƙanena ne. Iya kanta ta ajiye gyaɗar da ke hannunta.

Sai muka ji an zare sakata. Yarinya ta fito da mayafi a kai, takalma a hannu, ta tsallake tabarmar Iya, ta zo ta durƙusa gabansa. Ta ce, “Baffa, mu tafi.”

Na ji kamar in kurma ihu. Duk wahalar nan, ga ta za ta zube a gabana, kuma ba wanda zan kama da laifi.

Ya daɗe yana kallonta. Ta rame, yatsunta duk tawada. Can ya ce, “Wannan jarrabawa, in kin ci, ina za ki?”

Ta ce, “Damagaram, Baffa. Jami'a.”

“Damagaram ɗin nan tamu?”

“Ita.”

“In kin faɗi fa?”

Ta ce, “Sai in koma Abijan wajen Inna. Haka aka yi alkawari.”

Ya juyo ya dube ni. Ashe ba wanda ya taɓa gaya masa wannan. Shi a ganinsa karatun ne zai raba shi da ita, bai san faɗuwar ce za ta mayar da ita inda ko kabari ba ma iya ziyarta ba. Damagaram kuwa, in ka hau mota da safe ka yi azahar a can. Na ga yana lissafin a fuskarsa, kamar yadda yake yi in yana duban hadari.

Ya ce, “Tashi ki koma ciki.”

Ta tsaya tana kallonsa. Ya daka mata tsawa, “Ba ki ji ba ne? Wa ya ce ki fito?” Sannan ya juya wajen Iya ya ce, a cikin ladabi, a riƙa kula da ƙofar nan da kyau. Iya ta ce oho, yanzu kuma ita za a koya wa tsaron ƙofa.

Bai kwana ba, ya koma a kan kabu-kabun da ya kawo shi. Daga ranar, duk wanda zai shigo gari daga Guci sai ya zo da ƙwan zabi a cikin ƙwarya da ƙaiƙayi, a ce in ji Baffa, a dafa wa mai jego. Na ji an ce shi da kansa ya tsaya bayan sallar Juma'a ya ce duk mai maganar 'yar ƙanensa ya zo ya same shi.

Ranar da aka fara jarrabawa matan unguwa suka rako ta har ƙofar lise kamar ana kai amarya, sai da mai gadi ya kore mu. Aka gama, aka shiga jira. A wajenmu sakamakon bak a fili ake karanta shi, a tsakar lise, da lasifika, kowa na ji. Muka tsaya a rana da ni da ita da rabin unguwa. Aka karanta waɗanda suka ci kai tsaye, har aka kai ƙarshe ba sunanta. Ta riƙe hannuna. Sai aka shiga sunayen waɗanda makinsu ya kusa, za a ba su zagaye na biyu. Can tsakiya aka kira ta.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi murna ba. Muna isa gida ta wuce ɗakin Iya da kanta ta ja ƙofa. Mushe ya riƙa zuwa safe da yamma a 'yan kwanakin nan, mai niƙa ya kashe injinsa gaba ɗaya, har mata suka riƙa kai niƙa wata unguwa ba wadda ta yi ƙorafi. Yarinya ta sake shiga jarrabawa, muka sake tsayawa a rana. A wannan karon sunanta na cikin na farko-farko.

Guɗar da aka yi a gidana ran nan, ko auren 'yata ba a yi irinta ba. Iya ta tashi ba sanda tana taka rawa. Tsakar gida ta cika, kowace mace na cewa ita ce ta yi wanki, ita ce ta yi dambun Talata, kuma duk gaskiya suka faɗa. A cikin hayaniyar na ja yarinya gefe na kira uwarta, na miƙa mata salula.

Ta ce, “Inna, na ci.”

Ina jin ihun uwar daga inda nake tsaye. Suka yi kuka, suka yi dariya, aka sa ƙannenta ɗaya bayan ɗaya. Sannan yarinya ta miƙo min ta ce Inna na son magana da ni, mata suka ja ta cikin rawa.

Na koma bayan rumbu inda zan ji da kyau. Uwar ta yi min godiya har na ce ya isa. Sai muryarta ta sauka. Ta ce, “Yaya, tana kusa?” Na ce a'a.

Ta ce, “Za ta ce miki za ta zo hutu kafin a buɗe jami'a. Kar ki bari. Ki samo dalili, ko wane iri ne.”

Na ce, “Subhanallahi, me ya faru?”

Ta ce, “Hayaƙi ya ci min ido. Tun bayan tafiyarta na hagun ya rufe, na daman ma hazo-hazo. Da lalube nake juya kifi, hannuna duk ƙuna ne. Na hana yara su gaya mata. Na san 'yata, Yaya. In ta zo ta gan ni haka, ba jami'ar da za ta koma.”

Na ce to wa ke taya ki? Ta ce ana lallaɓawa. Na ji wani ya yi magana kusa da ita da Faransanci yana neman kifi, ta ce masa tana zuwa, ta ce min sai an jima, ta kashe.

Na tsaya bayan rumbun da salula a hannu, ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Yarinya ce ta zo ta same ni, tana haki, goshinta duk gumi, wata ta ɗaura mata sabon kallabi. Ta ce, “Gwaggo, na manta ban tambaye ta ba. Yaushe zan je in gan ta?”

Na gyara mata kallabin, ya karkace ta gefe ɗaya. Na ce, “Mu je ki ci abinci tukuna, mutane na jiran ki.”